Ƙararrawa Huɗu Daga Shagon Kawu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Inna. Yaya bayan naka? Ka ce min ya yi sauƙi, amma na san sauƙinka: kana sunkuyawa kan rediyo kana cije leɓe don kada Inna ta ji. Ni lafiyata ƙalau, sai murar da ta zaga ɗakinmu mu huɗu ta ƙare a kaina.

'Yan ɗakinmu sun gan ni da biro da takarda sun sha dariya, wai wasiƙa a wannan zamanin. Na ce ina da kawun da ba ya shiri da waya. Ban yi musu zancen i'inarka ba, ba ruwansu. Ɗaya ta tambaye ni ko ƙanin Mama ne kai. Na fara jero mata cewa kakata da mahaifinka 'ya'yan wa da ƙani ne, sai na ga idonta yana lumshewa. Na ce, "Shi ya riƙe ni shekara tara lokacin da Mama take aiki a nesa." Ta ce, "To ai da haka kika fara."

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na shiga ƙungiyar kacici-kacici ta kwalejinmu! Kada ka yi dariya, na san ni ce wadda ko a aji ba ta ɗaga hannu. Malamar tarihi ce ta ga takardar jarrabawata, ta tare ni a bakin matakala ta ce suna neman mutum na huɗu. Akwai gasar sababbin shiga, wato ta waɗanda ba su taɓa yin gasa ba, kwaleji goma sha biyu. Asabar biyu za a yi ta, mako uku tsakani. Kafin in gama neman uzuri ta rubuta ni.

Ga yadda ake yi. Ƙungiya biyu, mutum huɗu-huɗu, kowa da maɓallin ƙararrawa a hannu. Mai karatu yana karanta doguwar tambaya wadda take farawa da alamu masu wuya, tana saukowa har inda kowa zai gane. Duk inda ka gane amsa sai ka danna, mai karatu ya yi shiru nan take, ka faɗa. In ka dace, maki goma. In ka katse shi ka faɗi ba daidai ba, a zare muku biyar.

Mu ba mu da ƙararrawa, tebur muke duka da tafin hannu, a ajin tarihi bayan ƙarfe huɗu. Shugabarmu Kyaftin muke ce mata, karatun lauya take, tafiyarta ma kamar za ta shigar da ƙara. Akwai Dogo, ɗan kimiyya, wanda gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashin tebur. Sai Gaggawa. Shi wannan kafin Malama ta gama cewa "Wannan dabba" ya buga tebur ya ce giwa. Duk dabbar duniya a wurinsa giwa ce.

Ni kuma matsalata kishiyar tasa ce. Ina sanin amsa, Kawu, wallahi sau da yawa tun layi na biyu. Amma hannuna ba ya tashi. Mutum yana tsakiyar magana in buga tebur a kansa? Ji nake kamar zan mare shi. Sai in jira ta gama, lokacin kuwa an riga ni.

Ina son kujerar nan. Wata biyar na yi ina cin abinci ni kaɗai a kwalejin nan, ban gaya maka ba don kada ka damu. Yanzu akwai mutum uku da suke ajiye min wuri.

Na ba direba maƙwabcinmu wannan, ya ce gobe zai biyo ta shago. Ka sha maganinka.

Taka,
'Yar Shago

*

Zuwa ga 'Yar Shago,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni ina tsakiyar cikin wata fanka, na karanta ta da baƙin hannu, yanzu duk tabon yatsa ce. Muna lafiya. Bayan ya yi sauƙi na gaskiya, ba irin wanda kika zarge ni da shi ba. Innarki ta ce ki riƙa rufe ƙirji.

Ki yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta. Kin san a takarda ba na i'ina, sai in rama abin da bakina ya hana ni tun safe.

Na ji daɗin labarin ƙungiya ƙwarai. Na karanta wa Innarki, wato na fara, ita ta ƙarasa kamar yadda ta saba. Shekara talatin da ɗaya tana ƙarasa min magana, har yau ba ta taɓa dacewa ba. Shekaranjiya na ce, "Miƙo min t..." ta kawo tawul. Tabarau nake nema. Na goge fuska na gode mata, me zan yi? Ki gaya wa Gaggawa yana da uwa a gidan nan.

Amma zancen cin abinci ke kaɗai wata biyar bai yi min daɗi ba. Me ya sa kika ɓoye? Kada ki sake.

Game da dukan tebur, ga shawarata. Ki bar su su yi ta bugawa. Ni ban ga laifin wanda ya jira aka gama magana ba. Makon jiya wani ya kawo rediyo ya fara dogon labari, tun daga ranar da ya saye ta. Wani mai gyaran da tuni ya kwance bayanta. Ni na bar shi ya kai ƙarshe, a ƙarshen ne ya ce jikarsa ce ta saka batir. Na buɗe, batir ya juya baya. Ashe lafiyarta ƙalau. Wanda ya ji magana duka ba a zare masa biyar.

Kuma ki sani, halin nan naki shi na fi so a duk halayenki. An kawo ki gidan nan kina da shekara bakwai, da 'yar jaka da takalmi ɗaya da ya fi ɗaya tsufa. Allah bai ba mu haihuwa ba, ban san yadda ake magana da yara ba, kuma yara ne suka fi kowa yi min dariya. Ke kuwa sai ki hau benci kusa da teburin aiki, ki zuba min ido, ki jira. Kalma ta maƙale min minti guda, ki jira. Ban taɓa koya miki ba. Kada wata lauya da ba ta gama karatu ba ta raba ki da shi.

Ki je gasa ki yi abin da kika saba. Allah ya ba da sa'a.

Kawunki mai gyaran rediyo

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuwa ba lafiya ba.

Jiya aka yi zagayen farko. Na yi abin da na saba, kamar yadda ka ce.

A wata babbar kwaleji aka yi, tafiyar awa biyu a ƙaramar bas. Ajujuwa shida aka buɗe, kowane da tebur biyu suna fuskantar juna da akwatin ƙararrawa a tsakiya. Ranar ce farkon ganinmu da ƙararrawa ta gaske. Dogo ya danna tasa da gwiwar hannu sau biyu tun ba a fara ba. Wasa biyar muka yi, muka ci ɗaya, shi ma don abokan karawar sun zo mutum uku, na huɗunsu ya makara.

Ka san sau nawa na danna? Ko sau ɗaya.

A wasa na huɗu tazarar maki biyar ce tsakaninmu, saura tambaya ɗaya. Mai karatu, wata mata mai tabarau da murya mai sanyi, ta fara: "Wannan halitta tana gane hanya ta hanyar sauraron amon kukanta idan ya bugi abu ya dawo." Jemage. Na sani tun nan. Maɓalli yana hannuna. Amma matar tana karatu a natse, tana shirin shiga layi na gaba, sai na ji ba zan iya tarar numfashinta ba. Ta karanta layi uku. Da ta kai ga "tana rataye kai ƙasa," wani yaro daga can ya danna. Kuma ka san abin haushin? Leɓena ya motsa tun farko, Kyaftin ta gani.

Muka hau bas muka dawo. Da muka sauka Kyaftin ta ja ni gefe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kin fi mu duka sani, amma sanin da yake cikin bakinki ba ya hawa allo." Ta ce akwai wata 'yar ajin lissafi da take son shiga. Ranar Alhamis ta kafin zagayen ƙarshe za a gwada mu biyu, wadda ta fi ita za ta zauna.

Shawararka ta rediyo ce, Kawu, ba ta gasa ba. A nan wanda ya jira shi ne batir ɗin da ya juya baya. Shekara tara na yi a kan bencin nan ina koyon jira, ban koyi wani abu ba sai shi, yau ga shi ya cuce ni a gaban mutane. Da a wani gida na tashi da yanzu ina da baki kamar kowa.

Ba ni da wani labari. A gaida Inna.

*

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya baya, yaya shago, yaya Inna? Na jero su duka don wancan karon ban gaishe ka yadda ya kamata ba.

Yau kwana goma sha biyu. Direba ya zo sau uku. Duk zuwansa ina bakin ƙofar kwaleji, shi kuma tun daga nesa yake buɗe min tafin hannu, babu komai. Na tambaye shi ko ya ba ka takardar hannu da hannu. Ya ce ya ba ka, ka karanta a tsaye, ka ninke, ka sa a aljihun gaba, ba ka ce masa ko a sauka lafiya ba.

Na kira Inna. Ta ce, "Yana nan. Ya ja ƙofar shago rabi, ba ya karɓar aiki, shayinsa ma sai ya huce ya bar shi." Na ce ta ba ka waya, na ji tana kiranka, na ji shiru, sannan ta ce wai hannunka da aiki. Wane aiki, tunda ba ka karɓa?

Kawu, ban ajiye kwafin abin da na rubuta ba, amma ina tuna layin ƙarshe, inda na ce da a wani gida na tashi. Ba haka nake nufi ba. Ko kuwa in faɗi gaskiya, a wannan ranar haka nake nufi, na awa ɗaya, ina zaune bakin gado da takalmi a ƙafata. Amma ƙarya ce. A gidanka na koyi karatu da takardun da ake naɗo kayan rediyo. A gidanka aka fara tambayata me nake so in ci. In za a sake ba ni zaɓi, bencin nan zan sake hawa.

Ka yafe min. In ba za ka rubuta ba, ka aiko da farar takarda ma na san ka huce.

Gwajin Alhamis saura kwana shida. 'Yar ajin lissafin tana zuwa atisaye yanzu. Ba ta da laifi, har alewa take kawo mana, abin da ya ƙara min haushi ke nan. Hannunta kamar an ɗaura masa wayar lantarki. Ni kuwa har yanzu jiya i yau. Na fara shirin komawa teburina na ni kaɗai, kuma wannan zan iya jurewa. Shirunka ne ba zan iya ba.

Taka har kullum,
'Yar Shago

*

Zuwa ga 'Yar Shago,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki karɓi kwalin da ke hannun direba da hannu biyu, kada ki juya shi, kuma kada ki bar Dogo ya zauna a kai.

Ba zan yi miki ƙarya ba, takardarki ta yi min ciwo. Kwana uku ina yawo da ita a aljihu. Mutane da yawa sun gaya min bakina nauyi ne a kansu, na saba. Ban taɓa zaton ya zama nauyi a kanki ba. Na yi fushi, na kuma ji kunya, kunyar ta fi yawa.

Rana ta huɗu na sake karantawa, na tsallake layin ƙarshe, na tsaya a kan na jemage. Kin ce leɓenki ya motsa. Sai na ajiye takardar na zauna, don na san wannan leɓen.

Kin tuna lokacin da kike aji huɗu, ina gyaran wata tsohuwar talabijin, hannuna ɗaya a ciki ina riƙe da waya, ba zan iya saki ba? Na ce, "Ba ni ƙaramar s..." kalmar ta ƙi fita. Ina ta fama. Da na duba gefena, ƙaramar sukudireba mai jan kai tana nan kusa da yatsana. Kin ajiye ta tun tuni. Kuma kin koma kan benci kina kallona, kina jira in gama faɗa. Na gama, kika ce, "To, Kawu."

Ba rana ɗaya ba ce. Shekara tara haka muke. Filaya, dalma, tocila, kofin shayi. Ban taɓa gama neman abu ba tare da yana gefena ba, kuma ba ki taɓa kawo tawul ba. Kin ce jira kawai kika koya a gidana. Ba haka ba ne. Kin koyi sanin ƙarshen magana tun daga farkonta, wanda shi ne duk wasan nan naku in na fahimce shi. Bakinki ne yake jira. Hannunki kuwa tun kina ƙarama yake riga magana.

Ni ne na ba ki gurguwar shawara, don na ɗauki mai karatun nan kamar ni. Ba kamar ni take ba. Ni in aka katse ni an ƙwace min abu ne. Ita kuwa nema take. Tana tsaye da hannu ɗaya a cikin talabijin tana cewa a ba ta abu, kuma duk layin da ta ƙara alama ce ba wanda ya miƙo. Ki daina ganin kin mare ta. Sukudireba kika ajiye mata.

Shirun sauran kwanakin kuwa aiki ne, Innarki ba ta yi miki ƙarya ba. Na ce ba zan rubuta ba sai na gama, wautar tsufa ke nan, ban yi tunanin kina tsaye bakin ƙofa ba. Ke ma ki yafe min. A cikin kwalin akwai ƙararrawa huɗu. Na ƙofar gida ne, na haɗa su da akwati ɗaya yadda in ɗaya ta yi ƙara sauran sun mutu. Wannan ne ya ci min kwana biyar, na ƙona yatsa biyu. Kowace da ƙwan fitilarta da kukanta. Mai kukan tsuntsu ta Gaggawa ce, ko za ta tuna masa akwai wasu dabbobi. Taki ita ce mai jan kai. Ki duba ta da kyau, za ki gane hannun da na yi ta da shi.

Mun gwada su da Innarki, ina karanta jarida tana dannawa. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin aure irin na wannan makon ba.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan ka isa gida lafiya kuma bas ɗin nan bai tayar maka da baya ba. Direba ya ce ka yi barci tun kafin ku fita gari, tabarau a goshi. A gaida Inna, a ce mata Gaggawa yana gaida uwarsa.

Ka zo a wasan ƙarshe kawai, don haka bari in ba ka abin da ya wuce ka.

Ranar da kwali ya iso na buɗe shi a ajin tarihi. Da na ɗauki mai jan kai na gane hannun tsohuwar sukudirebar nan, har da wurin da na taɓa gatsa da haƙori, sai na fita waje na yi kukana na dawo. Malama ta ɗauka ƙura ce. Muka jona. Ta fara karatu, na rufe ido, na ce a raina matar nan nema take. Layi na biyu yatsana ya danna da kansa. Na firgita da ƙarar har na manta amsar, aka zare min biyar. Gaggawa ya miƙe tsaye ya tafa min, ya ce, "Barka da shigowa cikin 'yan uwa." Ban mutu ba, Kawu. Malama ma ba ta mutu ba, ta ci gaba da karatunta.

Ranar Alhamis na ci 'yar ajin lissafi da tazarar tambaya biyu kacal. Ta ba ni alewa duk da haka. Malama ta ce yarinyar za ta riƙa zuwa, shekara mai zuwa za a fitar da ƙungiya biyu tunda yanzu muna da kayan aiki.

Ranar Asabar wasa huɗu muka yi. Mun ci na farko, na biyu suka yi mana kaca-kaca, wasu 'yan koyon likita da ko murmushi ba sa yi. Mun ci na uku. Na danna sau goma sha ɗaya a yinin, biyu ba daidai ba. Dogo ya ci duk tambayoyin taurari. Gaggawa kuwa, ka yarda ko kada ka yarda, an yi tambaya amsarta giwa ce, ranar ce kuma ya zaɓi ya yi haƙuri, aka riga shi. Kyaftin ta kifa kai a tebur tana dariya har aka yi mata gargaɗi.

Sai wasa na huɗu. Ina gyara zama na hango hularka a kujerar baya, ka rungume jakar kayan aikinka kamar wani zai kawo maka rediyo. Na damƙe maɓallina. Ka ga yadda aka yi ta ja, muna gaba suna gaba, har tambayar ƙarshe muna baya da biyar. Kuma matar nan ce mai tabarau, ta jemage. Ta ce, "Wannan ƙarfe idan ya daɗe a iska mai danshi yakan yi kore." Ban ji lokacin da na danna ba. Sau nawa ka sa ni kankare koren nan daga tsofaffin wayoyi? Na ce jan ƙarfe. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Daidai." Har da ɗan murmushi, kamar wadda aka sauke wa kaya.

Na biyar muka zo cikin goma sha biyu. Ba kofi, sai takardar shaida. Kyaftin ta ce kujerata ce har in gama kwaleji.

Amma ba don wannan na rubuto ba. A baranda ne, da muka fito, na kawo su su gaishe ka. Kyaftin ta rusuna ta ce, "Baba, mun gode da ƙararrawa. Yaya kuke da ita ne? Ta taɓa yi mana bayani, mun ɓace a hanya."

Ka buɗe baki, maganar ta tsaya. Na ga jijiyar wuyanka ta tashi. Gaggawa ya ja numfashi zai taimaka, Kyaftin ta taka masa ƙafa. Muka tsaya mu huɗu, mutane suna ratsa mu da jakunkuna, ba wanda ya ce uffan. Ban taɓa son su kamar lokacin ba. Ka daɗe. Sannan ka sauke ido, ka nuna cikin aji ka ce, "Wayar ƙararrawarsu ta uku ta saki." Suka yi dariya, kai ma ka yi.

Kawu, ba maganar da ka fara ba ke nan. Ni za ka ɓoye wa? Na san ƙarshenta tun kafin ka buɗe baki, kuma yini guda ina katse mutane, ba abin da ya fi min sauƙi irin in faɗa maka ita. Amma wannan ba sukudireba ba ce. Taka ce. Na koma kan benci, ina jira.

Taka,
'Yar Shago

*

Zuwa ga 'Yar Shago,

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya, bayan ma lafiya. Innarki ta sa na ba ta labarin jan ƙarfe sau uku, kuma ta bar ni na kai ƙarshe duk sau ukun. Ban san me kika yi mata ba.

Wannan karon ba zan tsawaita ba.

Gaskiyarki. Kuma ba i'ina kaɗai ce ta riƙe ni a barandar nan ba. Kina da uwa, Allah ya ƙara mata lafiya, kin kuma yi uba, Allah ya ji ƙansa. Ni ɗan uwa ne na nesa wanda sai an zana a takarda ake gane shi. Shekara da shekaru kalmar tana bakina, ina ganin ba ni da izinin faɗarta. Ranar nan ta zo har kan harshe, tsoro ya mayar da ita.

Jiya na kira mamarki. Ni, a waya. Minti ashirin muka yi, goma sha biyar nawa ne. Da na gama ta ce, "Yaya, sai yau? Ai ni na daɗe da sani."

To ki je ki sami Kyaftin ki ce mata tsohon nan ya gama maganarsa. Ta tambaye ni yaya nake da ke.

'Yata ce.

Wayar ƙararrawar kuwa da gaske ta saki, ki gaya musu su duba kafin shekara mai zuwa.

Babanki na shago